Akuyar Baba Mai Yankakken Kunne

Rubuta yadda na faɗa, 'yar nan, kada ki gyara min.

Shekarar da muka koma Inugu bayan yaƙin basasa, ban wuce shekara tara ba. Duk dukiyarmu a unguwar Obiagu akuya ɗaya ce, ja, mai yankakken kunne. Ta haifi biyu. Ran nan da la'asar sai ga maƙwabcinmu Tanko mahauci, rigarsa na warin bunsuru.

Ya ce wa Baba, "Malam, bunsuruna ne fa uban. Ɗaya nawa ne."

Baba na zuba wa akuyar ɓawon doya, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Tanko, a ina ka taɓa jin an nemi uban ɗan akuya? Wadda ta ɗauki ciki ta shayar, ita ke da 'ya'ya."

Tanko ya fita yana gunaguni. Ni kuwa na yi ta tsalle, na ɗauka haka duniya take.

Da mijina ya rasu, ina fita takaba 'yan'uwansa suka zo da mota. Suka ce 'ya'ya na dangin uba ne, suka kwashe 'ya'yana uku zuwa Arewa. Ƙaramin watansa biyu da yaye.

Dakata in share ido. Akuyar nan ta kwana da nata. Ni ban ƙara kwana da nawa ba.