Takardar Shaidar Tamba

Alhaji Arzika ya leƙa rijiyar sabon gidan hayarsa na Gesse, sai ga ƙaton kada ya ɗago kai yana kallonsa. Ya san kadan nan sarai. Na Tamba ne, masuncin da Alhaji ya sha fama shekara uku kafin ya raba shi da gidan da ya ba shi haya a Argungu.

Ya faɗo wa Ummaru dillali, hula a hannu.

"Kai Ummaru! Ban ce kar ka ba kowa gidanga sai ya kawo takardar shaida daga tsohon mai gidansa ba?"

"Ya kawo, Alhaji. Ban taɓa ganin mai kyanta ba." Ummaru ya zaro ta ya karanta: "Mutum ne mai tsabta, ba hayaniya, ko kaza ba ya kiwo. Wanda ya samu Tamba ya samu ɗan'uwa."

"Wane maƙaryaci marar tsoron Allah ya rubuta wannan?"

Ummaru ya juyo masa da takardar. Alhaji ya ga sa hannunsa, ɓaro-ɓaro. Shi ya rubuta ta bara, don dai Tamba ya tashi.