Maƙwabta Za Su Daina Gaishe Shi

Ka ji tambayar 'yarka sarai, ka kau da kai.

Wasan gina masarauta take yi a wayarka. Ta karanto: "In sarkina ya karɓi Kiristanci, kasuwanni za su buɗe masa, amma maƙwabta za su daina gaishe shi." Ta kwashe da dariya. "Baba, ƙarya ce ko? Wa zai daina gaisuwa?"

A waje, tela maƙwabcinku, mai ɗinka mata kayan makaranta, yana ɗora keken ɗinkinsa a mota shi kaɗai, zai bar unguwar. Tun da aka fara tsegumin cocin da yake zuwa, ko gaisuwarsa ba ka amsawa.

Katifa kawai ta rage bai ɗora ba. Tashi ka tsayar da shi, ko ka gaya wa yarinyar nan gaskiya.