Jirgin Mai Walda Tsakanin Suruki da Ubangida

Tunda ka ce mutum biyu sun ja ka gaba da baya ka rasa wanda za ka bi, gyara zama in ba ka misali, irin wanda ba a kowace rumfa ake samunsa ba.

An yi wani mai walda da ya ce shi ya gaji da ƙera ƙyaure da gadon ƙarfe, jirgin sama zai ƙera. Aka yi dariya, ya bar su da dariyarsu. Ya samo injin tsohuwar mota, ya sassaƙa farfela da katako, ya lulluɓe fukafukai da farin kwano, ya ɗora kujerar roba a tsakiya. Shekaru yana abu guda, har masu dariyar suka koma leƙe ta katanga. Abu ɗaya ya rage. A bayan kowane fiffike akwai wani ɗan leɓe mai lilo kamar ƙyauren taga. In aka sunkuyar da shi ƙasa, iska takan tallafi fiffiken, jirgi ya tashi ko ya sauka ba sai ya yi dogon gudu ba. Filin da mai walda yake da shi kuwa filin ƙwallo ne na bayan gari, gajere, ƙarshensa gonar albasa. Leɓen nan dole ne. Saura da me za a riƙa sunkuyar da shi.

Ubangidansa, tsohon da ya koya masa walda ya yaye shi, ya zo da hambirki, wato birkin hannu, na wata matacciyar akori-kura a kafaɗa. Ya ce, “Yaro, sa wannan, ka haɗa da sandar ƙarfe. Abin da hannunka bai ja ba, kada ka ɗora ranka a kai.” Mai walda ya ce to. Kwana kaɗan surukinsa, wanda gyaran wayar mota ne sana'arsa, ya iso da ɗan injin da ke ɗaga gilashin mota, a naɗe cikin tsumma kamar tsarabar Makka. Ya ce, “Ɗan nan, zamani ya wuce jan ƙarfe kamar mai jan guga. Ga maɓalli, dannawa kawai.” Mai walda ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ce, “Allah ya ƙara girma, Baba.”

To ga hambirki, ga inji. Kowanne shi kaɗai zai yi aikin. Hambirki ba ya neman batir, kuma hannu na jin nauyin iska. Inji ba ya cin wuri, ba ya raba mutum da sitiyari. Mai walda ya san wannan sarai, ba ilimi ya rasa ba. Fuska ya rasa. Wa zai kalli mutumin da ya ba shi sana'a ya ce ƙarfensa ya tsufa? Wa kuma zai mayar wa mutumin da ya ba shi mata kyautarsa? Yana zaune yana kallon jirgin sai dabara ta faɗo masa, har ya yi wa kansa kirari. Ai fiffike biyu ne! Ya haɗa leɓen hagu da hambirkin ubangida, ya haɗa na dama da injin suruki. In tsoho ya zo ya zagaya da shi ta hagu, in Baba ya zo ya bi da shi ta dama. Kowa ya ga kayansa a maƙale, kowa ya sa albarka.

Ranar gwaji gari ya fito. Ubangida ya tsaya a gefe guda da sandarsa, suruki a ɗaya gefen da babbar riga. Injin jirgi ya ɗauka, farfela ta kori kaji, jirgi ya zabura. Da ya kai tsakiyar fili, tayoyi sun fara sauƙi, mai walda ya danna maɓalli da yatsa ya fizgi hambirki, yana ganin ya yi adalci. Hambirki bai san jira ba, leɓen hagu ya sauka nan take. Injin gilashi kuwa da nawarsa aka haife shi, yana tafe a hankali yana ƙugi kamar ana zuge taga a go-sulo. Iska ba ta san suruki ba, ba ta san ubangida ba. Ta ɗaga fiffiken da ya ba ta leɓe, ta bar ɗayan. Jirgi ya karkace dama, bakin fiffike ya kafci ƙasa, ya juya kamar akushi a hannun yaro, ya kife a cikin albasa.

Mai walda ya rarrafo da ƙulu a goshi, yana warin fetur da lawashi. Fiffiken dama ya naɗe kamar tabarma. Da suruki da ubangida kowanne ya zagaya ɗaya gefen, ya ga abin da aka ɓoye masa. Suruki ya ce gaggawar ƙarfen tsoho ce ta jawo. Ubangida ya ce injin gilashin ne ya yi barci. Suka yi ta musu. Tsoho ya ɗauki sandarsa bai yi sallama ba. Baba ya kaɗe rigarsa, har sallah ta wuce bai amsa gaisuwa da kyau ba. Fiffiken da ya tsira shi ne rumfar garejin yanzu, a ƙarƙashinsa ake ƙera ƙyaure.

Da ya zaɓi ɗaya, da mutum ɗaya zai yi fushi, jirgi na sama. Hausawa sun riga mu gani: taura biyu ba ta taunuwa.