Injin da Inna Ta Kawo Sabo Dal

Hayaƙi bai gama fita daga ɗakin wanki ba Inna ta yanke hukunci. Ta sa aka jawo mata kujera bakin ƙofa, ta zauna da jikanta a cinya, ta ce yau matar ɗanta Auta ba za ta kwana a gidan nan ba.

Injin busar da kaya ne ya kama da wuta da hantsi. Allah ya taƙaita, maƙwabta suka kashe mita suka yi ta watsa yashi, amma bango ya yi baƙi har silin, kayan jariri kuwa sun zama toka. Injin nan Inna ce ta kawo shi lokacin da ta tare a gidan don taya raino. Sabo dal, in ji ta, kuma sai da falo ya cika da baƙi ta sa aka sauke shi, don kowa ya gani ya je ya faɗa.

Laifin a wurinta ɗaya ne, ƙazanta. Kowa ya san injin busarwa yana tara burbushin zare a ragarsa, in ba a kwashe ba zafi ya taɓa shi ya tashi kamar an zuba fetur. To macen da ta kasa kwashe ɗan zare, me za ta iya a duniya? Inna ta ce tun ranar farko ta ga sakarci a goshin yarinyar. Shi ya sa ko ɗankwalinta ba ta taɓa yarda a jefa ciki ba, a igiya take shanya nata. Shi ya sa kuma da ta ji an kunna, take surar jikanta ta yi waje.

Matar Auta tana tsugune, hannunta duk ya tashi wajen janye labule daga wuta. Ta rantse ba ta taɓa kunnawa ba sai ta share ragar. Ba wanda ya kalle ta, balle ya nemo mata magani.

Auta kuwa, ga gemu ga tsawo, amma wallahi kayan haushi. Yana tsaye yana murza makullin mota, ya kalli uwarsa ya kalli ƙasa. Da kyar ya buɗe baki ya ce wa matarsa ta haɗa kaya ta je gidansu kwana biyu a huce. Kowa ya san irin wannan kwana biyun, ba ya ƙarewa. Inna ta ƙara da cewa yaro dai yana nan, ba za a ba mahaukaciya riƙon ƙwai ba.

Ana cikin haka mai gidan haya ya iso yana huci. Shi ba ruwansa da auren kowa, bangonsa ya dame shi. Ya ce ba mai motsawa sai ya san ko wayar gidansa ce ko injinsu, ga mai gyara nan ya taho da shi.

Inna ta ce bincike na me, abin da ya ƙone ya ƙone, a ja shi a kai bola. Da ta ga ba a saurare ta ba, sai ta ce hayaƙi yana hawa mata kai, ta ja mayafi ta rufe har hanci.

Mai gyaran dattijo ne mai surutun tsiya, irin wanda bakinsa ke riga hankalinsa fita. Ya zaro ragar. Gefenta ya narke, amma tas take. Inna ta ce daga cikin mayafi ai yarinyar makira ce, bayan wuta ta share.

Dattijon ya kankare jikin injin da wuƙa. Fari ne a sama, a ƙasa kuwa wani tsohon fenti ruwan ƙwai ya leƙo. Ya leƙa baya, an ɓamɓare farantin da ke ɗauke da lamba. Ya yi tsaki, ya ce masu wannan aikin wawaye ne, kullum mantawa suke akwai wata lambar a bakin ƙofa daga ciki, kuma haruffan farko su ke faɗin shekarar ƙira. Ya tofa yawu ya goge, ya karanta, ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce injin nan ya girmi gemun Auta, kamfanin ma ya daɗe da daina yin irinsa.

Inna ta hau salati. Ta ce 'yan kasuwa azzalumai sun cuce ta, Allah ya isa, ba ta yafe ba. Auta ya sauke ajiyar zuciya, ya samu wanda zai zaga ba tare da ya taɓa uwarsa ba. Maganar neman gafarar matarsa ko a ransa ba ta zo ba.

Dattijon bai gama ba. Ya juya injin, ya tsaya a kan igiyar wutar. An yi mata haɗi da salatif daf da gindi. Ya kwance, ya ƙura wa yankan ido, dariyarsa ta ɗauke. Ya ce shi ɗabi'arsa ce, duk injin da ya ga zai kashe mutane sai ya datse igiyar a karkace daga tushe, don kada wani ɗan ganganci ya sake kunnawa. Wannan yankan hannunsa ne.

Daidai nan jaririn ya cafki mayafin kakarsa ya fizgo ƙasa. Mai gyara ya ɗago, ya gyara tabarau, ya washe baki kamar ya ga 'yar uwa.

"A'a, Hajiya, ashe ke ce! Ba na ce ki kai shi bola ba tun ranar da ya cinye miki ɗakin wanki?"