Babu Sunanta a Ciki

"Faɗi gaskiya, 'yar'uwa, ba mai sanin ke ce," in ji mai binciken da ya zo ganin yadda masu haɗa manhaja suke aiki.

Ita kuwa ma'aikaciyar ta saki jiki, ta zazzage masa komai: yadda manaja yake tilasta musu sakin manhajar da ba a gwada ba, in ta lalace ya ɗora musu laifi.

Bayan wata biyu manaja ya kira ta. Rahoton mai binciken na gabansa, takardar sallama a gefe.

"Ranka ya daɗe, ai babu sunana a ciki!"

"Babu kam. 'Wata ma'aikaciya' ya rubuta. Ƙirgo mini matan ofishin nan."

Ta waiwaya. Maza goma sha tara ne, sai kujerarta.