Ruwan da Sista Ta Zuba

Allura ta karye a bakin farar rigar, ta biyu ke nan tun safe. Mai ɗinki ta tsayar da keken ta kasa kunne. Kukan nan ne dai, siriri kamar na ɗan kyanwa, daga wajen famfon tsakar gida. Ta san in ta leƙa ba abin da za ta gani sai bokiti da ruwa na ɗiga, don haka ba ta leƙa ba.

Rigar ta baftismar 'yarta ce, wadda kowa ke kira Firit saboda an haife ta ba ta fi tafin hannu ba. Yanzu ta zama budurwa, har tana koyarwa a makarantar yara, amma suna ya bi ta. Marigayi mahaifinta mutum ne mai kafiya a kan addini. Ya ce ba mai zuba wa 'yarsa ruwa sai ta yi hankali ta nema da bakinta. To ga shi ta nema, shi kuma ƙasa ta rufe idonsa.

Firit ba ita kaɗai ta zo duniya ba, tagwaye ne. Da mai ɗinki ta farfaɗo daga tiyata, ta tarar an sa ɗaya a kwalba, ɗayar kuma an riga an lulluɓe ta. Ko fuskarta ba ta gani ba. Mijin ne ya ce mata yarinya ce tubarkalla, kumatu cike, kai duk gashi.

Nas ɗin da ta karɓi haihuwar 'yar cocinsu ce, Sista ake ce mata. Kowa ya san halinta: in ta ga jaririn Kirista ba zai kai labari ba, ba ta jiran a nemo fasto, sai ta ɗebo ruwa a kofi ta yi masa baftisma da kanta. Mai ɗinki ta damƙe hannunta ta tambaye ta ko ta samu ta yi wa marigayiyar. Sista ta daɗe tana dubanta, sannan ta gyaɗa kai.

Da wannan gyaɗa kan mai ɗinki ta rayu. Mijin ya sha cewa wannan ba baftisma ba ce, wanka ne. Jaririya me ta sani da za ta ba da gaskiya? Kuma mace da kofin shan magani? Ita dai ba ta tanka masa, don ta san mai kafiya ba a kayar da shi da baki. Amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Tun da Firit ta shiga ajin masu neman baftisma kukan famfo ya soma, kuma tsoro ya kama ta sosai. Tana gudun kada ya zama marigayiyar 'yarta na can a bakin ƙofar sama, ba ta shiga ba, ba ta dawo ba.

Ta ajiye rigar ta nufi ofishin Fasto. Abin mamaki, ta tarar da Sista a zaune, ta tsufa, sanda a jingine da gwiwarta, tana yin tambayar da ita ma ta zo da ita. Mai ɗinki ta ji matar ta ƙara shiga ranta. Ashe ba ita kaɗai ke ɗauke da yarinyar a zuciya ba.

Fasto ya tambaya ko ruwa ne na gaske, Sista ta ce na famfon asibiti ne. Ya tambaya da sunan wa, ta ce cikin sunan Uba da na Ɗa da na Ruhu Mai Tsarki. Ya ce to a koyarwar cocinsu baftismar ta yi. Ba girman kofi ke yin aikin ba, ba kuma hannun mai zubawa ba. Allah ne ke sa hatiminsa, kuma abin da ya sa wa hatimi ba a sakewa.

"Ko da wanda aka yi wa bai sani ba?" in ji Sista.

"Ko da bai sani ba, Mama. Baftisma ɗaya ce. Maimaita ta kamar cewa ne Allah bai yi daidai ba da farko."

Mai ɗinki ta fashe da kukan farin ciki, ta rungume Sista tana sa mata albarka. Jikin tsohuwar sanyi ƙalau. Mai ɗinki ta tsokane ta da cewa ƙawa, tsufa ya sa an yi mana albishir kina tsuke fuska kamar an ba ki maganin ɗaci. Sista ba ta yi dariya ba.

Mai ɗinki ta koma gida ta ƙarasa rigar da waƙa a bakinta. Kukan bai daina ba, amma ta ce wa kanta wata kyanwa ce ta haihu a bayan katanga.

Ranar Lahadi coci ya cika. Firit ta durƙusa gaban kwanon ruwa cikin farar rigarta, uwar na tsaye a bayanta tana gyara mata wuya. Fasto ya naɗe hannun riga, ya juya ga jama'a ya yi tambayar da tsarin sujada ya ce a yi, wadda ba a taɓa jin wani ya amsa ba: ko akwai wanda ya san an taɓa yi wa wannan baiwar Allah baftisma?

Sai ƙarar sanda a kan siminti, daga layin baya. Sista ta miƙe da ƙyar. Ba ta dubi Fasto ba, mai ɗinki take duba, hawaye na bin kuncinta.

"Ki yafe ni, 'yar'uwa," ta ce. "Yarinya ɗaya na zuba wa ruwa a ranar, wadda na ɗauka ba za ta rayu ba, kuma ga ta nan a durƙushe."