Hadarin da ke Cikin Wayar Kalilu

Kalilu na Turba bai taɓa riƙe waya ta kai masa damina biyu ba. Ya yi mai tocila, ya yi mai eriya kamar ƙahon akuya, ya yi wata mai layi huɗu, alhali mutum biyu ke kiransa a duniya, ɗayan ma kuskuren lamba yake yi. Gonarsu kuwa, sai an yi masa kwatance.

Wadda ta kwanta masa a rai ita ce ta shafawa, ta hannu, da ya saya wajen Labbo, ɗan gwanjon da ke bi ta Maraɗi ya gangara har Kwatano, can bakin teku, ya dawo da diloli. Komai na cikinta da Faransanci yake. Kalilu bai san ko alif ba a Faransanci, amma ya gwammace kiɗa da karatu, wai shi gwanin waya ya tambayi wani! Hotuna yake bi. Har kiran salla wayar take yi, sai dai kullum sai ladan ya sauke take farawa. Kalilu ya ce ladan ne mai gaggawa, tuwo ke ransa.

Bara damina ta yi gardama, bana kuma ta ƙi ko leƙowa. Rumbu ya zama ɗakin ƙadangaru. Abin da ya rage wa gidan shi ne tulu guda na irin gero, wanda mahaifinsa, Malam Sodangi, ya cakuɗa da toka ya liƙe bakinsa da laka. Ko ranar da aka kwana da tafasa zalla, tsohon bai yarda an taɓa tulun nan ba.

Ana cikin haka Kalilu ya yi tuntuɓe da wani hoto a wayar: baƙin hadari, ɗigon ruwa, ga walƙiya, sun yi layi ranaku a jere. Ya kwasa da gudu har yana zubar da takalmi.

"Baba, ruwa na nan tahe! Mu yi binne, mu riga kowa."

Binne ba baƙon abu ba ne a Gobir. A kan zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari, amma mai hankali ba ya juye tulunsa duka. Tsohon ya dubi sama, fes take kamar an share.

"Rabi za ni binnewa," in ji shi, "in aje rabi."

"Wanda duk ya binne rabi, rabi za shi girba. Wagga ba boka ba ta, Baba, tauraron ɗan'adam ka ba ta labari."

Ba tauraron ne ya ci tsohon ba. Ya daɗe yana jin ciwon yadda ake yi wa ɗansa dariya a bakin masallaci, yana kuma marmarin ranar da za a ce Kalilu ya yi rana. Ya fasa bakin tulun da hannunsa, ya ce a binne duka. Ranar ce aka fara ganin Kalilu da sungumi, waya a aljihu, yana sara yana dubawa.

Aka zauna jira. A waya ana ta sheƙa ruwa, a Turba ana ta sheƙa rana. Kalilu ya hau tudu ya ɗaga ta sama, ya goge fuskarta da bakin riga, ya kashe ya kunna. Hadarin nan yana nan daram.

Daga baya aka yi wani yayyafi wanda ko akuya bai jiƙa ba. Ya isa dai ya yaudari irin ya tsiro, rana ta bi ta ƙone shi. Wanda bai tsiro ba, zabi da gara suka raba. Malam Sodangi bai yi faɗa ba. Ya ɗauki tulun ya kife a bayan ɗaki, ya koma kan buzunsa. Da ma dukansa ya yi, da ya fi wa Kalilu sauƙi.

Ran kasuwar Bafarawa ya ji Labbo ya dawo daga fatauci. Ya hau babur ya same shi yana kwance dila, ya dangwara masa wayar a kan kaya.

"Amshi tsiyarka! Maƙaryaciya ka saida mani, ta ci muna iri."

Labbo ya shafa, ya bi ranakun nan ɗaya bayan ɗaya, ya karanta ɗan rubutun da ke saman hadarin, sai ya saki baki.

"Wallahi ba ta yi ma ƙarya ba, Kalilu. Duk ranar da ta ce ruwa, ruwa anka yi, ni shaida na, har diloli biyu ya jiƙa mani. Ai har yau samaniyar Kwatano take dubi, garin mai ita na farko."